Idan Takardar Awo Ta Ce "Babu"

A watan Yulin 2025, mujallar Lancet mai kula da ciwon suga da cututtukan homon ta buga wani bincike da ya cancanci a zauna a kansa a kowane taron likitoci daga Daura har Funtuwa. Dakta Jean Claude Katte, ɗan ƙasar Kamaru, da abokan aikinsa sun auna jinin matasa 894 a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu. Dukkansu ciwon suga ya kama su kafin su cika shekara 30, an ce musu nau'i na ɗaya ne, kuma suna rayuwa da allurar insulin. Bisa abin da littattafan koyon likitanci suka tanada, kamata ya yi a ga tambarin harin garkuwar jiki a jinin mafi yawansu, kamar yadda ake ganinsa a wajen tara cikin goma na yaran Turawa da ciwon ya kama sabo-sabo. Sai ga shi kimanin kashi 65 cikin ɗari ba su da wannan tambari, kuma ƙwayoyin gadon da ke jawo wa Turawa ciwon ba su yi yawa a jikinsu ba. Duk da haka insulin ɗin da jikin akasarinsu ke samarwa ya yi ƙasa ƙwarai. Suna buƙatar allurar, ko da awo ya ce babu.

Binciken bai haɗa da Najeriya ba, amma Kamaru maƙwabciyarmu ce, kuma darasinsa ya shafi gidajenmu kai tsaye. A ƙaddara yarinya ce 'yar shekara 14 a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Dutsi. Ta fara yawan fitsari da ƙishirwa, tana ci tana ramewa. A kemis aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, a asibitin sha-ka-tafi aka ce taifot ne. Sai da ta galabaita aka kai ta Daura ko Katsina, aka ɗiga jininta a kan tsinken awo, aka ga suga ya hau, aka ɗora ta a kan insulin, ta farfaɗo. Daga nan kawunta, ma'aikaci a Abuja, mai ilimi kuma mai son yarinyar, ya biya kuɗi masu kauri aka aika jininta wani ɗakin gwaji mai zaman kansa don a auna antibodi. Takarda ta dawo ta ce babu. Wani ya duba ya ce, "To alhamdu lillahi, ashe ba nau'i na ɗaya ba ne, a daina wahalar da yarinya da allura, a koma ƙwaya." Idan tana cikin irin matasan da Katte ya bayyana, wannan shawara tana iya kai ta ga amai da numfashi sama-sama da suma cikin 'yan kwanaki, saboda tsamin jinin da ake kira ketoasidosis.

Da gangan na kawo kawun, domin mafi yawan masu karanta wannan shafi su ne kawun nan, ko gwaggon. Mu ne ake turo wa hoton takardar asibiti ta WhatsApp, mu ne muke biya, kuma maganarmu ce dangi ke ɗauka a bakin ta likita. Ra'ayina shi ne awon antibodi yana da amfani na gaske, amma a wurare kaɗan da aka sani, kuma yadda muke amfani da shi a yanzu ya juya tsarin baibai. Mai hali a birni yana sayen awon da ba zai sauya masa magani ba, mara lafiyar ƙauye kuwa bai samu awon farko mai arha da zai ceci ransa ba.

Garkuwar da ta juyo gida

Antibodi sinadarai ne da garkuwar jiki ke ƙerawa don su manne wa baƙon abu, kamar ƙwayar cutar ƙyanda, su yi masa alama a hallaka shi. A farkon ƙarni na 20 babban masanin Jamus Paul Ehrlich yana ganin jiki yana da hanyoyin da ke hana shi juya wannan makami a kan kansa, kuma likitoci suka daɗe suna ɗaukar abin a matsayin wanda ba ya faruwa. Shekarar 1956 ce ta rushe wannan zato, daga wurare uku. A Landan, Deborah Doniach da Ivan Roitt suka gano antibodi masu harin tayirod, wato ƙullin nan da ke gaban wuya, a jinin masu cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana tun 1912. A Buffalo ta Amurka, Noel Rose da Ernest Witebsky suka haddasa irin cutar a jikin zomaye. A Dunedin ta Niyu Zilan kuma, Adams da Purves suka gano wani abu a jinin masu cutar Graves da ke zuga tayirod ya yi aiki fiye da kima. Daga baya aka tabbatar shi ma antibodi ne.

Ciwon suga ya biyo baya. A 1974 Gian Franco Bottazzo, a ɗakin gwajin Doniach, ya nuna antibodi masu manne wa ƙwayoyin fankiriyas da ke yin insulin. Aka ci gaba da gano su ɗaya bayan ɗaya: na insulin kansa a 1983, na GAD a 1990, na IA-2 a tsakiyar shekarun 1990, na ZnT8 a 2007. Waɗannan huɗu su ne ake aunawa a yau.

Akwai bambanci guda da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin sauran maganar a kansa ta rataya. A cutar Graves, antibodin da ake kira TRAb shi ne mai aikata ɓarnar da kansa: yana danna makunnin tayirod ya ƙi saki. A ciwon suga da cutar Hashimoto kuwa, wasu ƙwayoyin garkuwa ne daban ke cin naman, antibodin sawun ɓarawo ne kawai. Sawu yana gogewa da daɗewa, wani lokaci kuma a ga sawu a gidan da ba a ɗauki komai ba. Kuma kusan duk ma'aunan da ake fassara wannan sawu da su, a kan jinin Turawa aka tsara su.

"Babu" kala-kala ce

Idan matashi mai ciwon suga a ƙasar Katsina ya samu takardar da ta ce babu antibodi, aƙalla abubuwa huɗu na iya kasancewa. Na farko shi ne mafi sauƙi: ciwon na garkuwa ne, amma awon ya kuskure shi, ko don GAD kaɗai aka auna aka bar sauran ukun, ko don shekaru sun wuce sawun ya dushe. Na biyu shi ne abin da Katte ya gano, rashin insulin na gaske ba tare da harin garkuwa ba. Waɗannan biyu duka insulin suke buƙata, cire musu shi kuwa wasa da rai ne.

Na uku ya fi ban mamaki, kuma a ƙasar nan aka fara rubuta shi da wuri. A 1968 Farfesa Babatunde Kwaku Adadevoh ya wallafa bayani a kan wasu manya 'yan Najeriya da ciwon suga ya kayar da su da ƙarfi, suka buƙaci insulin, sannan bayan wani lokaci suka daina buƙatarsa. Ya kira shi ciwon suga na wucin-gadi. (Shi ne mahaifin Dakta Stella Ameyo Adadevoh, wadda ta tare cutar Ebola a Legas a 2014 ta rasa ranta a kai, ita ma likitar cututtukan homon ce.) Sai a shekarun 1990 likitocin Amurka suka sake gano abin a tsakanin baƙaƙen fata na unguwar Flatbush a Niyu Yok, suka laƙaba masa sunan unguwar. Irin waɗannan marasa lafiya ba su da antibodi, kuma da yawansu ana iya janye musu insulin bayan watanni. To amma a hankali ake yi, a hannun likitan da ke auna suga da keton a kai a kai, domin ciwon yana iya sake tasowa.

Na huɗu shi ne ya fi taɓa mu. A watan Afrilun 2025, a babban taronta na Bankok, Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da abin da ta kira nau'i na biyar, wato ciwon suga mai nasaba da tamowa. Maganar ba sabuwa ba ce. An fara bayyana shi a Jamaika a 1955, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerinta a 1985, ta cire shi a 1999 bisa cewa hujjar ba ta isa ba, kuma har gobe masana suna jayayya a kan iyakokinsa. Siffarsa dai ita ce matashi ramamme, wanda ya sha yunwa tun yana ciki ko yana goye, fankiriyas ɗinsa bai ginu yadda ya kamata ba. Ba shi da antibodi, ba kasafai jininsa ke tsami ba, kuma idan aka ba shi insulin da yawa kamar na mai nau'i na ɗaya, a gidan da tuwon dare ba shi da tabbas, sugansa na iya faɗuwa ya halaka shi a cikin barci.

Duk wanda ya san halin da ake ciki a arewacin jihar nan ya san me ya sa wannan ya dame ni. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa yara 652 ne suka mutu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina a watanni shida na farkon 2025, kuma Mashi, maƙwabciyar Dutsi, tana cikin ƙananan hukumomin da ƙungiyar ta auna ta ga abin ya yi muni. Dubban da aka ceto za su girma. Nan da shekara 15 wasunsu za su shigo asibitocinmu da ƙishirwa da rama, kuma awon antibodi ba zai iya bambanta su da rukuni na biyu ko na uku ba, tunda duka ukun "babu" zai ce.

Awon da ya fi kusa da amsa tambayar da ta dami iyali shi ne na si-feftaid. Duk sanda fankiriyas ya saki insulin, yakan saki wannan gutsure tare da shi, ɗaya da ɗaya, kuma insulin na allura ba ya ɗauke da shi. Saboda haka auna shi yana nuna nawa jiki ke yi da kansa ko da mutum yana allura. Likitoci kan ɗauki ƙasa da fikomol 200 a lita a matsayin rashi mai tsanani, sama da 600 kuma a matsayin alamar cewa jiki yana ƙoƙari. Shi ma yana da tarkonsa. Dab da tashi daga doguwar suma yakan yi ƙasa fiye da gaskiyar lamari, a shekarar farko ta nau'i na ɗaya kuma yakan yi kyau na ɗan lokaci ya yaudari mutane, don haka ake auna shi tare da suga, a kuma maimaita. Duk da haka, in kuɗin kawu na awo ɗaya ne, a nan ya kamata ya kashe su.

"Akwai" ma ba a rungumarta ido rufe. Ɗakunan gwaji da yawa suna sa iyakarsu inda kimanin 25 cikin mutum dubu masu ƙoshin lafiya za su fito da "akwai". Mu yi lissafi na misali. A ce dattawa dubu ne da ciwon suga ya kama bayan shekara 40, kuma 20 daga cikinsu ne ciwonsu na garkuwa ne da gaske. In awon ya kama takwas cikin goma, ya kama 16. Amma cikin sauran 980 zai yi wa wajen 25 ƙazafi. Fiye da rabin waɗanda aka ce suna da shi ke nan ba su da shi. Alhaji mai tumbi da ciwon suga ya kama a shekara 55, wanda metfomin ke riƙe da shi lafiya lau, ba shi da abin da zai ƙaru da shi daga awon GAD sai fargaba.

Wuya, maƙoƙo da jego

A ɓangaren tayirod ne aka fi ɓarnar kuɗi. Akwai ɗakunan gwajin da ke sayar da awon a dunƙule, abu biyar ko shida a takarda ɗaya, ga wanda ya zo da gajiya kawai. Alhali ƙofar shiga ɗaya ce, awon TSH. In ya fito daidai, a mafi yawan lokuta magana ta ƙare. Antibodin TPO, wanda ke nuna cutar Hashimoto, ana samunsa a jinin mutane da yawa da ba abin da ke damunsu. Babban binciken lafiyar Amurkawa da aka wallafa a 2002 ya same shi a kimanin kashi 12 cikin ɗari na farare masu lafiya, da ƙasa da kashi 5 na baƙaƙe, wanda wannan kansa gargaɗi ne game da aro ma'aunin wasu. A garin Whickham na Ingila an bi mutane shekara 20: matan da ke da antibodin amma TSH ɗinsu daidai, kimanin biyu cikin ɗari ne tayirod ɗinsu ke gazawa a kowace shekara, in TSH ya riga ya ɗaga, kimanin huɗu. Amfanin awon ke nan, ya gaya wa likita wa zai riƙa dubawa duk shekara. Sau ɗaya ake yin sa a rayuwa. Maimaita shi don a ga ko lambar ta sauka ba ya sauya ko ƙwaya ɗaya ta lebotairoksin, domin da TSH ake daidaita magani.

Matan da ɓari ya dama su ma ana yawan tura su wannan awo, a ɗora su a kan magani in ya nuna akwai. An gwada wannan a Birtaniya a kan mata sama da 900 masu antibodin amma tayirod ɗinsu na aiki daidai, aka wallafa a 2019: waɗanda suka sha lebotairoksin ba su fi waɗanda ba su sha ba samun haihuwar ɗa mai rai.

Sannan maƙoƙo a ƙasarmu ba sababi ɗaya gare shi ba. Tsofaffinmu sun san lokacin da kumburin wuya ya zama ruwan dare a wasu yankuna saboda ƙarancin aidin. Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri a 1993, kuma zuwa 2005 an yaba mata a matsayin ta farko a Afirka da ta cika ƙa'idar. Gero, wanda shi ne abincinmu daga fura har tuwo, an nuna a yammacin Sudan cewa yana ɗauke da sinadaran da ke rage aikin tayirod inda aidin ya yi ƙaranci. Ƙarin aidin shi ma yana sauya fasalin cututtukan: a Zimbabuwe an ga hauhawar masu tayirod mai wuce kima a tsakiyar shekarun 1990 bayan an fara sa shi a gishiri, a Denmak kuma yawan masu antibodin TPO ya ƙaru bayan nasu shirin. Dattijuwar da ta shekara 30 da maƙoƙo mai ƙulli-ƙulli, hannun likita da TSH da hoton na'urar sikan za su fi gaya mata gaskiya.

Inda nake ganin awon antibodi ya ci kuɗinsa har da riba shi ne TRAb, musamman ga mai ciki da mai jego. Mace ce wata uku da haihuwa, zuciyarta na bugawa da sauri, tana gumi, hannunta na rawa, ba ta barci. A gida za a ce jego ne, ko iska. Likita kuwa yana da jerin abubuwan da zai tsefe: ƙarancin jini, ciwon zuciyar bayan haihuwa wanda Davidson da Parry suka yi bayaninsa a Zariya a shekarun 1970 suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa, sai kuma tayirod. In TSH ya nuna tayirod ne, sauran tambaya guda: Graves ce, ko kumburin tayirod na bayan haihuwa da ke samun kimanin mace ɗaya cikin 20? A ido kamanninsu ɗaya, maganinsu ya sha bamban. A Graves ƙullin yana ƙera homon fiye da kima, kabimazol ke tsayar da shi. A kumburin jego kuwa ajiyar da ke ciki ce ke yoyo. Kabimazol ba shi da abin da zai tsayar, sai dai ya jefa ta cikin haɗarin illarsa, wadda a wasu 'yan kaɗan takan share fararen ƙwayoyin jini. TRAb ne ke raba gardamar.

Akwai kuma jariri. TRAb yana ratsa mahaifa. Matar da ta taɓa yin Graves, ko da an yi mata tiyata an cire ƙullin shekaru da suka wuce tana jin garau, tana iya ɗauke da antibodin, ya shiga ya zuga tayirod na ɗan da ke cikinta. Shi ya sa ƙa'idojin likitoci suka ce a auna shi a farkon ciki ga duk mai wannan tarihi, a sa ido sosai in ya haura ninki uku na iyaka. Tambaya ɗaya a katin awon ciki, "an taɓa yi miki maganin wuya?", ita za ta zaƙulo waɗannan mata, kuma ba su da yawa.

Cutar Addison, wato gazawar ƙananan ƙullan da ke saman ƙoda, ba zan daɗe a kanta ba. A Turai ta yau akasarinta na garkuwa ne, kuma tun 1992 aka san antibodin da ke nuna ta. Amma a marasa lafiyar da Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855 tarin fuka ne ya fi yawa, kuma a ƙasar da tarin fuka bai kau ba, "babu" a wannan awo umarni ne a je a nemi tarin. Kafin a kai nan ma akwai tambayar da ba ta cin ko kwabo. Babban abin da ke kashe aikin waɗannan ƙulla a duniya shi ne maganin sitiroyid da aka daɗe ana sha aka daina kwatsam. Deksametazon da 'yan mata ke sha don ƙiba da sunan sha-ka-fashe, da wasu mayukan bilicin, duka a wannan sahu suke. Likitan da ya tambaya cikin mutunci, ba a gaban miji ko uwa ba, zai gano abin da awon dubban nairori ba zai nuna ba.

Abin da ya kamata jiha ta saya

Za a ce mini duniya ta yi gaba. Gaskiya ne. An nuna a 2013 cewa yaron da ke da antibodi biyu ko fiye, kimanin bakwai cikin goma ciwon zai bayyana gare su cikin shekara 10. A Nuwamban 2022 Amurka ta amince da maganin teplizumab, mai jinkirta bayyanar ciwon da wajen shekara biyu, a kan kuɗi kusan dala dubu 200. Italiya ta yi doka a 2023 ta tantance yaran ƙasar baki ɗaya. Wannan ya dace da ƙasar da kusan duk yaran da ciwon zai kama suna da tambarin. A inda biyu cikin uku ƙila ba su da shi, tantancewar za ta kwantar wa mafi yawan iyayen da abin zai shafa hankali a kan ƙarya.

Abin da Dutsi ke buƙata ya fi wannan sauƙi. Kowane asibitin sha-ka-tafi, daga Shargalle har ƙauyen da ya fi nisa da kwalta, ya kasance da na'urar awon suga mai tsinken da bai ƙare ba, da tsinken awon keton a fitsari, da ma'aikacin da aka koya wa cewa yaro mai rama da yawan fitsari ana ɗiga jininsa kafin a rubuta maganin taifot. Insulin ya samu ba yankewa, kuma tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KATSCHMA, ya ɗauki nauyinsa ga yara. Rashin firji ba hujja ba ce yadda ake zato: binciken da MSF da Jami'ar Janiba suka wallafa a 2021, bisa yanayin zafin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ya nuna insulin da aka buɗe yana riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. A bazarar Katsina, da zafi ke haura haka, gindin randa mai sanyi yana da aikin yi. A manyan asibitocin Daura da Mashi da Mani kuma a samu TSH. Najeriya ta riga ta fitar da jerin muhimman gwaje-gwajenta na ƙasa a 2022. Aiwatarwa ce ta rage wa jihohi.

Antibodi da si-feftaid kuwa, ban ga dalilin da kowane asibiti zai sayi injinsu ba. Awo ne da ingancinsa ya dogara da yawan yi. Sinadaran gwajin suna da wa'adi, kayan kamfanoni daban-daban suna ba da lambobi daban-daban, har sai da masana suka kafa shiri na duniya don daidaita awon antibodin ciwon suga tsakanin ɗakunan gwaji. Ɗakin da ke yin awo uku a wata zai riƙa ajiye jini har ya taru, ko ya buɗe kwali ya lalace. Ɗaki ɗaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, mai rajista da majalisar kula da ɗakunan gwaji ta ƙasa, wanda ake aiko masa da samfurin jarrabawa daga waje a duba ko amsarsa daidai ce, ya ishi jihar, tare da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a matsayin madogara. Kuma kada ya karɓi jini sai da takardar likita mai faɗin tambayar da ake son amsawa.

Irin wannan ɗaki zai ba mu abin da kuɗi ba sa saya daga Legas, wato ma'auninmu. In aka auna jinin 'yan ɗaruruwan Katsinawa masu lafiya, za a san inda iyakar GAD da TPO ta dace ta tsaya a nan. In aka buɗe rajistar duk wanda ciwon suga ya kama kafin shekara 30, aka rubuta nauyinsa da tarihin tamowarsa da antibodinsa da si-feftaid ɗinsa, cikin shekara biyar ɗaliban likitanci na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa za su iya faɗin kason kowane rukuni a cikin huɗun nan a ƙasar Hausa, maimakon mu riƙa kintace daga Kamaru.

Saura batun kai jinin, kuma a nan ba mu da uzuri, domin mun taɓa yin wanda ya fi shi wuya. A yaƙin da aka yi da shan-inna, duk yaron da ƙafarsa ta saki a kowane ƙauye, ana ɗaukar bayan-gidansa sau biyu, a sa a akwatin ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri cikin kwana uku. Da wannan tsari aka kai ga shelar kawar da cutar ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020. Majinar masu tarin fuka da jinin masu ƙanjamau ma a kan babura ake kai su cibiyoyin gwaji. Antibodi sinadari ne mai juriya in an tace jinin an sanyaya shi, si-feftaid kuma masu bincike a Exeter sun nuna a 2012 cewa yana kwana ya yini, awa 24, bai lalace ba a kwalbar jini mai murfi shunayya, irin wadda kowane ɗakin gwaji ke amfani da ita wajen ƙirga ƙwayoyin jini. Jinin da aka ɗiba a Dutsi da hantsi, a akwatin ƙanƙarar rigakafi da ke ajiye a ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, zai isa Katsina kafin azahar.